Ɗan Manu Mai Agogo

Ina aji uku na wuce babana tsawo.
Shi ya fara lura.
Ya tsayar da ni jikin ƙyauren shago,
ya ja layi da ƙusa a saman kaina,
ya ce, "To, daga yau kai za ka riƙa sauko min da kwalin batir."

Manu mai agogo ake ce masa
daga Tudun Wada har bakin Tsohuwar Kasuwa.
Gilashi a ido ɗaya, hantsaki a hannu,
yakan shiga cikin agogo kamar mai shiga ɗakinsa,
ya taɓa abin da ya suma, ya farfaɗo.
Alhazai a tsaye, shi a zaune,
su ne masu jira.

Wata Laraba masu fim suka tsaya da mota.
Darakta bai zauna ba.
Ya dubi Baba daga sama kamar mai taya ɗan akuya,
"Kwana biyu ne kacal, Malam. Dubu goma sha biyar."
Kuɗin jarrabawata ya matso,
mutanen Gombe kuma sun koma duba lokaci a waya.

A gidan kallon Bolari na gani,
naira ashirin, benci na huɗu.
Boka ya buɗe kwando,
sai ga wani abu ya duro, fuska duk toka,
jan ƙyalle a ƙugu, yana tsalle yana kukan bunsuru.
Wata ƙatuwar mata ta saɓa shi kamar buhun maiwa
ta zunduma shi cikin randa.
Ɗaki ya kece.
Ni ma na yi dariya.
Wallahi na yi, har da buga cinya,
kafin idona ya faɗa kan babban yatsansa na hagu,
tabon da ƙarfen dalma ya yi masa
tun ina goye.

Da aka jero sunaye a ƙarshe,
bayan direba, bayan mai dafa abinci,
aka rubuta: Wada.

Tun daga ranar nake ƙirga su.
Aljanin tsamiya. Ɗan aiken boka.
Mai gemun da ake kora daga zance da tsintsiya,
angon da amarya ke ɗorawa a cinya.
Ban taɓa ganin wanda mai gida ya biyo bashin haya ba,
ko wanda ya dawo daga jana'iza ya kasa cin tuwo,
ko wanda ya kira sunan ɗansa sau ɗaya
yaron ya ji hantarsa ta kaɗa.
Kyamara ba ta durƙusa musu.
Daga sama take leƙo su, kamar mai leƙa rijiya
yana jiran wani abu ya motsa.

Sai da na yi shekara biyu da abin a maƙogwarona.
Wani dare, bayan isha'i, yana kulle akwati,
na ce, "Baba, na je na gani. Na yi dariya."
Bai ɗago ba.
"An biya jarrabawar?"
"An biya."
"Ka ci?"
"Na ci."
Ya hure ƙurar da ke kan wani murfi, ya daɗe yana gogewa.

"Na roƙe shi abu ɗaya," in ji shi,
"ya bar ni in zauna a fim ɗin in buɗe agogo,
ko da minti ɗaya ne, a ga hannuna.
Ya ce ba wanda zai yi dariya."

Ya cire gilashin, ya murza ido.
"Ka san na hannunsa ma a tsaye yake?
Ƙarfe huɗu da kwata, tun safe har dare.
Na ce ya kawo in duba masa kyauta.
Ya ce ba shi da lokaci."